Corolla tana rawa a silo, an wanke nozul amma abin ya dawo: in sake wankewa ko in canza?

Malamin Makaranta, Kano:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana mota, musamman kanikawa da direbobin da suka daɗe a kan hanya.

Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006, ta Amurka, mai giyar otomatik. Aikinta bai wuce ta kai yara makaranta, ta kai ni wurin aiki, sai cefane. Daga Hotoro zuwa cikin gari ne iyakarta, ba ta barin Kano sai in biki ya taso a ƙauye ko lokacin sallah. Tun shigowar hunturun nan ta ɗauko wani hali. Da safe in na tayar da ita sai ta yi ta karkarwa har sitiyari yana rawa a hannuna. In ta yi zafi abin yana raguwa, amma ba ya ɓacewa. In na tsaya a danja allurar silo tana sauka tana hawa, in kuma na taka totur zan wuce wata mota sai ta yi jim kafin ta amsa. Fitilar cek ta kama ta ƙi mutuwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai. Man da a da yake kai ni ƙarshen mako, yanzu tun Laraba fitilar tanki take haskowa, kuma kowa ya san yadda lita ta koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023.

Bakanikena ya fara canza fulogi, ba ta canza zani ba. Sai ya ce nozul ne suka toshe. Ya ciro su huɗun a gabana, ya jawo wayoyi biyu daga batir, yaronsa yana fesa maganin wankin kafireta ta sama, shi yana taɓa wayar a jikin nozul ɗin, ruwa yana fita ta ƙasa. Ya ce sun buɗe. Gaskiya motar ta yi sauƙi, amma ba a jima ba ta koma gidan jiya. Yanzu ya ce in ba da kuɗi a sayo nozul huɗu na Beljiyam a Ƙofar Ruwa. Wani abokin aikina kuma ya ce kada in kashe kuɗi, in riƙa juye kwalbar maganin wankin injekta, wato nozul, a tanki duk lokacin da na sha mai.

Don ku san komai: tankina ba kasafai yake wuce kwata ba, kuma in mai ya yanke mini a hanya nakan sayi galan a wajen 'yan bumburutu.

Shin wankin da aka yi ne bai yi ba, ko nozul ɗin ne suka mutu? Maganin kwalba yana aiki da gaske? Albashin malamin makaranta ba ya ɗaukar gwaji, shi ya sa nake so in san inda zan sa kuɗina. Allah ya saka da alheri.


Direban Sharon, Kano zuwa Jos:

Wa'alaikumus salam Malam. Ni ba bakanike ba ne, amma sitiyari ne abincina. Motar da ba ta fita gari ita ce ta fi yin irin wannan ciwon. Tamu da take wuni a kan titi tana shan zafi ba ta cika toshewar nozul ba, sai dai in mun haɗu da mugun mai.

Ni abin da zan ce, ka je gidan man da ka yarda da shi, ka fara juye kwalbar magani ɗaya a tanki, sannan a cika maka shi taf don su gauraya. Ka hau titin Zariya ka ba ta wuta yadda ya kamata har Kwanar Ɗangora ka juyo. Sau da yawa da ka dawo za ka ji ta sake.

Sannan ka rabu da man galan. Jarkar nan ba ka san me aka zuba a cikinta jiya ba, kuma mazurarin da suke ɗura maka da shi a ƙasa yake wuni, cikin ƙurar nan ta hunturu. Haka kuma in ka shiga gidan mai ka tarar tanka tana sauke kaya, ka wuce gaba, domin lokacin ne duk dattin da ya kwanta a ƙasan rijiyar yake tasowa. Kai ko man gidan mai ma ba kullum yake da lafiya ba. Ka tuna watan Fabrairun 2022, da hukuma da kanta ta ce an shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima daga Antwerp ta Beljiyam, aka yi ta janye shi daga kasuwa, layin mai ya dawo. 'Yan'uwanmu direbobin Abuja da Legas sun ɗanɗana kuɗarsu a lokacin.

Ka gwada kwalbar tukuna kafin ka sayi nozul. Allah ya sa a dace.


Bakanike, Panteka Kaduna:

Malam, sannu da fama. Kada ka sayi nozul tukuna. Ban ce bakanikenka bai iya aiki ba, mai yiwuwa ma hasashensa ya faɗa daidai. Amma a duk abin da ka lissafa ban ga inda aka auna komai ba. An canza fulogi, an wanke nozul, yanzu za a canza nozul, alhali fitilar cek tana kunne, kuma ita ce ta san abin da motar ta gani. Wannan shi ne abin da yake ɓata mana suna a sana'ar nan, kuma yana damuna ƙwarai.

Bari in fara da yadda abin yake aiki, don ka iya tsayawa ka yi magana da duk wanda zai taɓa maka mota. Injinka 1ZZ-FE ne, lita 1.8, silinda huɗu, kowace silinda da nozul ɗinta. Famfon mai yana cikin tanki, yana turo fetur da matsin da ya ɗan haura bar 3, wato tsakanin 44 da 50 a ma'aunin psi. Shi nozul ƙofa ce ta lantarki. Birenbos, wato kwamfutar da take sarrafa injin, yana aiko masa da wuta, allurar cikinsa ta ɗaga, mai ya fita, ta koma ta rufe. A silo, buɗewar nan ba ta wuce kashi 2 zuwa 4 cikin 1000 na daƙiƙa ɗaya. Ramukan bakinsa kuwa ƙanana ne sosai, sai ka ƙura ido kake ganinsu. In ka taɓa goya injin feshi a gona ka san yadda bakinsa yake yi: in yana da tsabta maganin yana fita kamar hazo ya baje, in ya fara toshewa sai ya riƙa tsartuwa gefe guda ko ya yi ta ɗiga. Haka nozul yake. Fetur ɗin da ya fita a matsayin hazo shi ne yake gauraya da iska ya ƙone tas. Wanda ya fita a tsartuwa rabi yake ƙonewa.

Dattin da yake kama nozul ta hanya biyu yake zuwa, kuma kai duka biyun sun same ka. Na farko daga tanki: ƙura, tsatsa, ruwa, da duk abin da ya biyo man galan. A saman kowane nozul akwai wata 'yar raga ƙarama kamar kwando, ita take tare abin da ya tsallake filta, kuma ita take fara cikewa. Na biyu daga zafi. Duk lokacin da ka kashe mota, ruwan lagireto ya daina zagayawa, zafin inji ya taru a kai, ɗan man da ya rage a bakin nozul sai ya bushe ya bar wani danƙo mai ruwan ƙasa. Motar da take tafiyar minti goma a kashe, a sake tayarwa a kashe, ta fi tara wannan danƙon a kan motar da take doguwar tafiya. Nan Oga direba ya yi gaskiya.

To wankin batir da feshi me yake yi? Yana iya narkar da wani abu daga danƙon baki, shi ya sa ka ji sauƙi. Amma ta sama ake fesawa, ta cikin ragar nan mai datti, kuma ba a cire ta ba. Sannan ganin ruwa yana fita ba ya nuna maka nawa ne ya fita. Nozul ɗin da yake ba da kashi 80 cikin 100 na abin da ya kamata, shi ma in ka fesa masa magani ruwa zai fita, ido ba zai bambance shi da lafiyayye ba. Ban da haka akwai haɗari. Maganin kafireta yana kama wuta nan take, wayar batir kuma tana tartsatsi duk lokacin da aka taɓa ta. In kuma aka daɗe da danna masa wutar batir ba sassautawa, koyil ɗin cikinsa yana iya ƙonewa, domin an yi shi ne don ya riƙa karɓar wuta yana saki. Masu tsokalar ramin da allura ko silin waya kuwa, sun gama da nozul ɗin ke nan, ramin ya faɗaɗa har abada.

Ga abin da nake so ka yi. Ka kai ta inda ake ɗora mota a kwamfuta, kada ka bari a goge lambobin kafin ka rubuta su da hannunka. In ka ga P0171, birenbos yana cewa iska ta fi mai yawa. P0172 akasin haka ne. P0301 zuwa P0304 suna nuna silindar da take misin, wato ba ta ƙona mai yadda ya kamata, lambar ƙarshe ita ce silindar. P0201 zuwa P0204 kuma wayar nozul ce ko koyil ɗinsa, wannan wanki ba ya maganinsa.

Bayan lambobi, ka ce a nuna maka adadin man da birenbos yake ƙarawa don ya daidaita ƙuna, wanda na'urar take rubutawa LTFT. Lafiyayyar mota tana wasa kusa da sifili. In ya haura 10 akwai matsala. A duba shi a silo, a sake dubawa an taka totur har juyin inji ya kai 2500 a minti. In yana sama a silo amma ya sauko da aka taka, iska ce take satar shiga ta wani wuri. In ya tsaya a sama ko ya ƙaru da aka taka, man ne ba ya isowa, sai a koma kan famfo, filta da nozul. Wannan gwajin ba ya cin minti biyar, amma yana raba gardama.

Na dage a kan maganar iska ne saboda abin da ka faɗa, cewa ta fi rawa da sanyin safiya kuma tana sauƙi in ta yi zafi. Corolla ta wannan zubin, daga 2003 zuwa 2008, an san ta da wannan. Manifol ɗinta, wato bututun da yake raba wa silindoji iska, na roba ne, gasket ɗin da yake tsakaninsa da kan inji yana tsufa ya ƙanƙance, da sanyi ya bar kafa iska ta shiga, in inji ya yi zafi ya kumbura ya ɗan toshe. Alamominsa da na toshewar nozul kusan ɗaya ne. Haka ma sansar iska da take bayan iyakilina, in ƙurar hunturu ta lulluɓe siririyar wayar cikinta sai ta riƙa ba birenbos lissafin ƙarya. Ita da maganinta na musamman ake fesa mata, ba a taɓa wayar da hannu.

Shi nozul ɗin kansa akwai gwajin da ba ya buƙatar kuɗi. A kafa dogon sukundireba a jikinsa mota tana aiki, a kara ƙotar a kunne, za a ji yana ƙyas-ƙyas a jere. Wanda ya yi shiru ko sautinsa ya bambanta, a sa masa ido. A cire soket a auna shi da mita, na motarka yana ba da wajen ohm 14 in inji ya huce, kuma huɗun su zo kusa da juna. In kwamfuta ta ce silinda ta 3 ce take misin, a ɗauke koyil ɗin da yake ba fulogin silindar wuta a kai ta 1. In lambar ba ta bi shi ba, a yi wa nozul haka. Duk abin da lambar ta bi, shi ne mai laifin.

In an tabbatar nozul ne, ka nemi mai injin wanki na gaske, wanda yake da kwalaben gilashi masu ma'auni a jere. Ana ɗora nozul huɗun a kai, a tura musu ruwan gwaji da matsi irin na mota, kana tsaye kana ganin yadda kowanne yake feshi da inda ruwansa ya tsaya a kwalba. Daga nan a cire tsohuwar raga, a tsoma bakinsu a kwanon da yake girgiza ruwan magani da sauti, ana ba su wuta suna buɗewa suna rufewa, a kuma tura ruwa ta baya don dattin ya fita ta inda ya shigo. Sai a sa sabuwar raga a sake aunawa. Ka ɗauki hoton kwalaben kafin wanki da bayansa. A kuma bar su a rufe cikin matsi a ga ko suna ɗiga. Littafin Toyota bai yarda da fiye da ɗigo ɗaya cikin minti 12 ba. Nozul mai yoyo shi ne yake sa mota wuyar tashi in ta yi zafi, kuma man da yake zubarwa yana wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Ka zaro sandar baƙin mai ka sansana, in ka ji warin fetur ka faɗa mini.

Wajen mayarwa, zoben robar da yake sama da na ƙasa sababbi za a sa, a ɗan shafa musu fetur ko baƙin mai mai tsabta don kada su yage. Tsohon zobe ya riga ya bushe. In na sama ya tsage fetur zai riƙa tsiyaya a kan inji mai zafi, kuma motoci suna ƙonewa ta wannan hanyar. Kafin a kwance bututun ma, a cire wutar famfo a bar mota ta mutu da kanta don matsin ya sauka. Bayan an ɗaure a tayar da ita a tsaya a duba ko'ina kafin a rufe bonet.

Ka je ka dawo mana da lambobin.


Malamin Makaranta, Kano:

Oga, Allah ya ƙara basira, ya yi wa zuri'a albarka. Oga direba, kai ma na gode.

Na kai ta an ɗora a kwamfuta. Lambobi biyu suka fito, P0171 da P0303. Abin nan na LTFT a silo ya nuna 21, da aka taka zuwa 2500 ya sauko 11. Mai na'urar ya fesa magani kaɗan a gindin manifol mota tana silo, nan take sautin injin ya canza, ya ce ga inda iskar take shiga. An canza gasket ɗin. An kuma musanya koyil na 3 da na 1, lambar ta tsaya a 3.

Sai muka kai nozul wajen mai injin kwalabe. Uku sun zo kusan kai ɗaya, na silinda ta 3 ya tsaya ƙasa da su sosai, kuma feshinsa ya karkace gefe. Da aka zaro ragarsa, baƙa ƙirin take da wani abu kamar yashi. Bayan wanki ya taso ya kusa kamo 'yan'uwansa, feshin ya miƙe, babu wanda yake ɗiga. An sa sababbin zobba. Yanzu rawar safiya ta tafi, fitilar cek ba ta dawo ba. Baƙin mai kuma ba ya warin fetur.

Abin da ban gane ba guda biyu ne. In nozul toshewa ya yi, ai mai kaɗan yake bayarwa, to me ya sa motar take shan mai da yawa? Na biyu, mai na'urar ya ce injina ba ya kai zafin da ya kamata, da ya duba sai ya tarar babu tamostat a ciki, wato abin da yake daidaita zafin inji, kuma fanka a haɗe take kai tsaye, da an murɗa makulli take tashi. Haka na sayi motar. Ya ce in mayar, bakanikena kuma ya ce zafin Kano ba ya son tamostat. Wanne zan bi?


Maman Yara, Abuja:

Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da tawa, tunda ga masani a kusa. Ni Hyundai Sonata nake ja ƙirar 2013, an rubuta GDI a murfin injin. Ita ma tana karkarwa da safe. Na zuba maganin kwalba har na gaji, ban ga canji ba. Wani a Apo ya ce zai cire nozul ya wanke mini da feshi kamar yadda aka yi wa Malam da farko. Da na karanta bayaninka sai jikina ya yi sanyi. Oga, tawa ma haka za a bi da ita, ko akwai bambanci?


Direban Sharon, Kano zuwa Jos:

Malam, barka da arziki. Amma Oga, ni fa ban yarda a ce kwalba ba ta da amfani ba, shekaru ina zubawa kuma nozul ɗina ba su taɓa ba ni matsala ba. Sannan ina da tambaya. Yanzu da yawa a tasharmu sun mayar da motocinsu na gas ɗin CNG, ni ma ina shirin yi. Wani ya ce mini in an koma gas an huta da maganar nozul gaba ɗaya. Haka ne?


Bakanike, Panteka Kaduna:

Alhamdu lillahi, Malam. Ka ga da an sayo nozul huɗu an ɗaura, gasket ɗin yana nan yana shan iska, da P0171 ta dawo, kuma da ka rabu da nozul uku lafiyayyu na asali ka karɓi waɗanda ba ka san tarihinsu ba.

Tambayarka ta shan mai tana da kyau. Motarka ba ta auna hayaƙin kowace silinda daban. Sansar da take bakin salansa hayaƙin huɗun take sansana a haɗe. In ta 3 ba ta samun isasshen mai, ko ta yi misin, iskar da ba ta ƙone ba tana fita cikin hayaƙi, sansa ta gaya wa birenbos cewa mai ya yi kaɗan, shi kuma ya ƙara wa duka huɗun. Uku suna shan fiye da buƙatarsu saboda guda ɗaya. Ga shi kuma ƙarfi ya ragu, kai ma kana ƙara taka totur. Man da bai ƙone ba kuma yana wucewa ya dafa indomin salansa, wato matatar hayaƙin da take cikinta, wanda kuɗinsa ya ninka na nozul nesa ba kusa ba. Shi ya sa ba a yawo da mota tana misin.

Tamostat kuwa ka mayar, a gyara wayar fanka ta koma tashi da kanta. Injin da bai kai zafinsa ba, wajen digiri 80 zuwa 90 da 'yan kai, birenbos yana ɗaukarsa a matsayin wanda bai gama ɗumi ba, yana ta ƙara masa mai, kuma baƙin hayaƙi yana taruwa a ciki. Kai da tafiyarka gajera ce abin ya fi cutar da kai. Irin motar nan tana yawo a Saudiyya da tamostat ɗinta. In mota tana zafi, lagireto ne ya toshe, ko murfinsa, ko famfon ruwa, ko fanka. A nemi wannan a gyara.

Saura abu ɗaya da ban so ka bari. Yashin da ka gani a ragar nan daga tanki ya zo, kuma sauransa yana can. A motarka filtar mai tana cikin tanki tare da famfo, ana isa gare su ta ƙarƙashin kujerar baya. A ciro, a canza filta da ragar gindin famfo, a leƙa ƙasan tankin da tocila, ba da ashana ko fitilar wuta ba. In akwai laka ko ruwa a sauke shi a wanke. In ba a yi wannan ba, watanni kaɗan za ka koma wajen mai kwalabe. Tankinka lita 50 yake ci. Na san halin da ake ciki, amma ka yi ƙoƙari kada ya riƙa sauka ƙasa da kwata, domin fetur ɗin ne yake sanyaya famfon. Kuɗin man ɗaya ne, sau ɗaya kawai za ka daure ka ɗaga shi, daga nan ka ci gaba da zuba abin da ka saba.

Oga direba, ban ce kwalba banza ce ba. Mai kyau tana narkar da danƙon bakin nozul tun yana sabo, musamman wadda aka rubuta sunan sinadarin wanki PEA a jikinta, irin su Techron. Abin da ba ta iyawa shi ne narkar da yashi da tsatsa, ko gyara koyil, ko toshe gasket. Ragar Malam ko katan guda ya juye ba za ta buɗe ba. Kuma ba kowane shan mai ake zubawa ba. Kwalba ɗaya a cikakken tanki, dab da lokacin juyen baƙin mai, ta isa. A kula da jabu kuma, suna da yawa a kasuwa, wata in ka buɗe warin kananzir kawai za ka ji.

Maganar gas, ba a huta ba. Motar da aka mayar CNG tana da nozul na gas daban, amma na fetur suna nan a jikin inji suna shan zafi, kuma yawancinsu da fetur suke tashi kafin su juya. In aka daɗe ba a yi tafiya da fetur ba, man da yake kwance a bututu da tanki yana tsufa ya yi danƙo, ranar da gas ya yanke maka tsakanin Saminaka da Jos ranar za ka tarar sun kafe. Ka riƙa ba ta tafiya mai ɗan nisa da fetur a kai a kai, kuma kada ka bar tsohon mai ya yi watanni a tanki.

Hajiya, taki daban ce, kada ki bari a yi mata wankin batir. A injin GDI nozul ɗin cikin silinda yake fesawa kai tsaye, kuma akwai famfo na biyu a kan inji da yake ɗaga matsin ya haura bar 100, inda ta Malam take aiki da 3 da ɗoriya. Ba a kwance bututunsa sai an sauke matsin. A bakin kowane nozul akwai wani farin zobe na Teflon da ba a maimaita shi, kuma da kayan aiki na musamman ake sa sabo. Sannan a irin injinki fetur ba ya bi ta kan bawul ɗin shigar iska, don haka babu abin da yake wanke su, gawayi yana taruwa a bayansu har ya takura iska. Maganin da kika zuba a tanki ba ya isa wurin ko kaɗan, wataƙila shi ya sa ba ki ga canji ba. Ki fara da kwamfuta kamar yadda Malam ya yi. In misin ne da sanyi kuma fulogi da koyil lafiya, a cire manifol a leƙa bawul ɗin da ido. Kafin ki ba kowa motar a Apo, ki tambaye shi ko ya taɓa aikin GDI, ya nuna miki sababbin zobban da abin sa su. Ki rubuto lambobin da na'urar ta nuna da adadin kilomitar da motar ta yi, sai mu san ta inda za a fara.